Sallar gidanmu ba sauƙin zamani ne ya yi ta ba

Duk sallah sai na ga ana rubuta cewa da can rayuwa da sauƙi, kowa na ɗinka wa yaransa kaya. Wannan magana tana sosa min rai, don tana tauye haƙƙin mutanen da suka yi gumi.

A Kano muka taso, gidan haya, Baba lebura ne a wata masana'anta a Sharaɗa. Yarintarmu ta faɗo daidai lokacin SAP, tsarin gyaran tattalin arziki da gwamnatin Babangida ta shigo da shi a 1986, naira ta faɗi, kamfanoni suka shiga rage ma'aikata. Wane sauƙi?

Kayan ƙaramar sallarmu tun watan Rajab ake fara lissafinsu. Inna na zubin adashi da ribar ƙuli-ƙuli, ta roƙi uwar adashi a bar mata kwasar Sha'aban. Baba ya shiga Kantin Kwari ya yanko yadi iri ɗaya, mu maza duka anko, ya ce wa tela, "Ka sake shi, ya kai baɗi." Hannun rigata sai an naɗe shi kafin yatsuna su leƙo. Shi kuwa Baba babbar rigarsa ɗaya ce. A wanke, a sa sitaci, a kai wa masu bugu, ta dawo tana sheƙi. Da ita yake zuwa idi a Ƙofar Mata shekara da shekaru, ban taɓa jin ya ce tasa ta tsufa ba.

Ana saukowa Inna ta kwashe tuwon shinkafa da miyar taushe, mu yi ta yawo da kwanuka gida-gida, kwano kuma ba ya dawowa wayam. Washegari Hawan Daushe, Baba ya ɗora ƙanena a wuya ya hango Sarki Ado Bayero ƙarƙashin laima. Kallo kyauta ne, shi ya sa ba ma fashi.

Babbar sallah ta fi nauyi. Shekaru da yawa ba a ɗaure rago a gidanmu ba. Baba da abokan aikinsa su haɗa kuɗi su yi watanda, ya shigo da kasonsa na nama a leda, kansa a sama. Maƙwabta su aiko da na layya, Inna ta soye, abin da ya samu na kai da ƙafa ta busar ta adana sai Cika-ciki. Allah ya jiƙan Baba, ya saka wa Inna da Aljanna.

Kuma irinsu ba su ƙare ba. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, ka je kara ka ji kuɗin rago. Yanzu haka akwai matar maigadi da ke zubi don yaranta su fita yawon sallah da sabon kaya, ga mijinta na kwana yana lissafin kuɗin tela.