Amanar Tarayya Ba Ta Sauka Daga Wuyan Kowa

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Jiya bayan isha'i muna wajen mai shayi a Mile 12 ta Legas, hira ta kai mu ga masu haɗaka don neman mulki. Wani dattijo mai albasa ya ajiye kofinsa ya ce da ni: "Ɗana, ran riba kowa mai shago ne, ran asara kowa yaron shago ne." Aka yi dariya, ni kuwa maganar ta kwana a raina.

Allah Ya ce mu cika alkawari, domin alkawari abin tambaya ne (Isra'i, aya ta 34). Bai cire alkawarin da aka ɗauka cikin taro ba.

Ku dubi Ingila. Bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008, zaɓen 2010 bai ba kowace jam'iyya rinjaye ba, sai David Cameron da Nick Clegg, shugabannin jam'iyyu biyu, suka haɗa gwamnati. Mutanen Clegg sun sa hannu tun kafin zaɓe cewa ba za su yarda a ƙara kuɗin jami'a ba. Da suka shiga, kuɗin ya kai fam 9,000. Clegg ya fito ya nemi afuwa, amma a 2015 kujerun jam'iyyarsa a majalisa suka faɗo daga 57 zuwa 8. Hisabin mutane ke nan, ina ga na Ubangiji?

Mu ma mun sani. Haɗaka ce ta haifi APC a 2013, yau kuma ana ƙulla wasu. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 mun ga yadda kuɗin ɗauko buhu daga Arewa ya koma. Ba jam'iyya nake zagi ba, wallahi. Duk wanda ya ci kujera a tarayya, to ya ci da nauyinta, kada wahala ta zo ya ce abokin tafiya ne.

A shekarar fari da yunwa, Sayyidina Umar ya haramta wa kansa man shanu har talakawa su samu, cikinsa na kuka, launinsa ya sauya. Bai ce laifin gwamnoninsa ba ne.

Laifi kuma tudu ne. Wanda ya karɓi taliya da atamfa ya dangwala, da wane baki zai tambayi alkawari? Kafin na tashi, dattijon nan ya sa na rubuta masa a bayan littafin bashinsa abubuwan da ɗan majalisarsu ya ce zai yi, ya ce zai ajiye har ya dawo neman ƙuri'a.