Kowane kogi da irin kifinsa

Tun da aiki ya kawo ni Norwe, ba abin da ya tsaya mini a rai kamar kishin da mutanen nan ke yi wa kifin salmon na kogunansu. A kasuwa duk iri ɗaya za ka gan shi, jajir a kan ƙanƙara. Amma masunci a Trondheim zai ce maka na kogin Gaula daban, na Orkla daban, kuma masu binciken ƙwayoyin gado sun gaskata shi.

A kogi ake ƙyanƙyashe kifin, ya gangara teku ya girma, sannan ya biyo ƙanshin ruwa ya dawo kogin da ya fito, a nan zai zuba ƙwai. Haka yake yi tun bayan narkewar ƙanƙarar da ta lulluɓe arewacin Turai, kimanin shekara 10,000 ke nan, har kowane kogi cikin sama da 400 ya tace nasa irin. An ga amfanin bambancin a shekarun 1970, da wata ƙwaro ta shigo tare da kifin da aka kawo daga Suwidin. Salmon na tekun Baltik yana jure ta, na Norwe kuwa ƙananansa suka yi ta mutuwa. Yau kuma na kiwo ne ke tserewa daga keji yana barbara da na kogi, irin yana surkuwa. A 2024 kifin ya yi ƙaranci har sai da aka hana kamu a koguna 33.

Ni kuwa duk wannan rumbun Kawu a ƙauyenmu na ƙasar Daura yake tuna mini. Da kaka, kafin a ɗaure dami, sai ya bi gona yana zaɓen zangarniyar gero mafi tsawo da cika, ya ɗaure ta daban. Ko yunwa ta yi tsanani ba mai taɓa ta, iri ne. Geron nan da muke kira zango ya san rairayinmu, ya san farin da ke zuwa tsakiyar damina.

Bara na tambaye shi a waya. Ya ce, "Ɗan nan, wa zai jira zango yanzu? Sosat muke shukawa." Ban ga laifinsa ba, mai saurin nuna shi ke fid da gida idan ruwa ya ɗauke da wuri. Abin da ya dame ni, a duk unguwar ba wanda ya rage ko zangarniya ɗaya.

Na san akwai irin wakenmu daga Ibadan a ma'ajiyar iri ta Svalbard, can arewacin Norwe, da aka buɗe a 2008. Sai dai irin da ke kwance cikin sanyi ba ya tafiya da sauyin damina kamar wanda ake shukawa kowace shekara. Kunya uku ta zango a gefen gona ta isa. Na tura wa ƙanena kuɗin mota, ranar kasuwar Mai'aduwa zai je ya tambayi mutanen Nijar ko akwai mai sauran zango.