Kafin malami ya sa hannu a kan aikin ƙasar waje

'Yan uwana malamai, idan Allah ya kawo muku tayin aiki biyu ko uku daga waje, ina roƙonku kada sunan ƙasa da girman albashi su yanke muku hukunci. Abin da ya kamata a auna shi ne irin makarantar, da abin da za ta bari a hannunka ranar da kwantiragi ya ƙare.

Ɗauki ƙasashen yankin Gulf. A Daular Larabawa, Katar da Saudiyya ba a cire harajin albashi, makarantu da yawa kuma suna ba da gida ko kuɗin haya da tikitin jirgi. Gaskiya ne. Amma a Daular Larabawa kuɗin sallama ana lissafa shi ne a kan tushen albashi kawai, wato albashin kwana 21 a kowace shekara cikin shekaru biyar na farko. Makarantar da ta ƙanƙantar da tushen albashi ta kumbura alawus ta riga ta rage maka sallamarka tun kafin ka shiga aji, kuma sai ka zauna ka karanta takardar layi-layi za ka gane. Bizarka ma tana ɗaure da wanda ya ɗauke ka. In aikin ya lalace, zamanka ya shiga tangal-tangal.

Japan tana da shirin JET tun 1987, Koriya ta Kudu tana da EPIK. Shirye-shirye ne na gwamnati masu tsari da ke ɗaukar baƙi, galibi don koyar da Turanci a makarantu, albashi ba ya makara. Sai dai mafi yawan waɗanda ake ɗauka mataimaka ne, ajin na wani malamin ne. Ga matashin da ya gama digiri, wannan dama ce mai kyau. Ga wanda ya shekara goma yana riƙe da aji, yana tsara darasi da jarrabawa, ina jin ciwon in ga ya koma maimaita jimloli a bayan wani. Koriya ma ta fi karkata ga masu fasfo na wasu ƙasashe bakwai masu magana da Turanci, don haka a duba cancanta kafin a ɓata kuɗin takardu.

China ta nuna mana haɗarin cibiyoyin darasin bayan makaranta. A 2021 gwamnati ta hana neman riba da koyar da manyan darussa a irin waɗannan wurare, ayyuka suka watse cikin 'yan watanni.

Ni inda zuciyata ta fi kwanciya shi ne makarantar da ke bin manhajar ƙasa da ƙasa irin ta IB ko Cambridge, wadda wata hukuma ta waje ta tantance, ko aikin da zai kai ka ga lasisin koyarwa kamar QTS na Ingila. Haraji da haya a Ingila suna cin albashi sosai, ban musa ba, amma shaidar tana bin ka duk inda ka nufa. Bizar J-1 ta malamai a Amurka kuwa shekara uku ce, ana iya ƙara biyu, daga nan shirin ya ƙare.

Kuma don Allah, ka nemi makarantar ta haɗa ka da malamin da ke koyarwa a can yanzu. Ka tambaye shi yara nawa ne a aji, darasi nawa a mako, da ko shugabanci na tsaya wa malami idan iyaye suka taso. In suka ƙi haɗa ku, ka koma kan ɗaya tayin.