Idan Zuciya Ta Yi Nauyi

Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan'uwa.

Akwai wanda zai wayi gari babu zazzaɓi, babu ciwon kai, amma ƙirjinsa a cushe. Abinci ba ya masa daɗi, ko sallama aka yi sai ya ji kamar kada ya amsa. Idan ya daure ya faɗa wa wani, sai a ce masa, "Ƙarancin imani ne kawai." Don Allah mu daina wannan magana. Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, kamar yadda ya zo a Suratu Yusuf aya ta 84, kuma Allah bai zarge shi ba. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi Shekarar Baƙin Ciki suke kiranta, saboda baƙin cikin da Manzon Allah (SAW) ya shiga. Wa ya kai waɗannan Annabawa biyu imani?

Anas bin Malik, wanda ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara 10, ya ce yana yawan jin sa yana cewa, "Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan, wal ajzi wal kasal." Ya nemi tsari daga damuwa da baƙin ciki, nan take kuma ya haɗa da gazawa da kasala. Duk wanda ya taɓa shiga ƙunci ya san tare suke tafiya. Damuwa ta kwantar da kai, kwanciyar ta ƙara maka damuwa, a haka wuni zai wuce. Shi ya sa nake ganin bayan addu'a, abu na farko shi ne ka motsa jikinka.

Idan ka sallame Asuba ka gama azkar, kada ka koma ka ja bargo har hantsi. Fita ka taka, ko zuwa bakin titi ne ka dawo, ka gaisa da mai shayi, rana ta taɓa fuskarka. Likitoci sun tabbatar da cewa tafiyar ƙasa da hasken safiya suna gyara barci, suna kuma sassauta ƙunci. Annabi (SAW) ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta, kuma duk Asabar yakan je masallacin Ƙuba, wani lokaci a ƙafa, wani lokaci a kan abin hawa. Ke ma 'yar'uwa da ke cikin gida, ɗaga labule, buɗe taga, fito tsakar gida ki yi shara, ki yi wanka ki sauya kaya ko da babu inda za ki.

Sai dare. Annabi (SAW) ba ya son hira bayan Isha'i, mu kuwa hirarmu ta koma cikin waya. Ƙarfe biyu na dare mutum yana kwance cikin duhu, yatsa na ta ja, yana kallon bikin wance da sabuwar motar wane, ga bashi a kansa. Yaya zuciya ba za ta yi ƙunci ba? A hadisin Muslim an umarce mu da duban wanda yake ƙasa da mu, don kada mu raina ni'imar Allah. Ajiye wayar nesa da shimfiɗa, ka yi alwala, ka karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ka kwanta.

Akwai wata sunna da nake ƙauna ƙwarai, ba a cika ambatonta ba. Idan aka yi rasuwa a dangin Nana A'isha (RA), mata suka taru suka watse, ya rage sai na jiki, takan sa a ɗora tukunyar talbina, wani kunu ne na garin sha'ir da ake sa wa madara ko zuma. Sai ta ce su sha, domin ta ji Annabi (SAW) yana cewa talbina tana sanyaya zuciyar majinyaci, tana tafiya da wani sashe na baƙin ciki. Bukhari da Muslim ne suka ruwaito. Uwar Muminai ba ta tsaya a "ku yi haƙuri" ba, wuta ta sa aka hura. Idan babu sha'ir a kusa, kunun gero mai ɗumi ma ya fi zama da yunwa. Ban ce falalarsu ɗaya ba, amma mai damuwa yana bukatar ya sa wani abu a cikinsa, kuma sau da yawa sai an miƙa masa kofin a hannu.

Salla kuwa, rage sauri. Annabi (SAW) cewa yake yi, "Ya Bilal, hutar da mu da ita." Ka daɗe a sujada, ka faɗa wa Ubangijinka abin da ke cin ka.

Kada kuma ka kulle kanka. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Nemi mutum ɗaya mai riƙon amana, yayarka ko amininka ko malaminka, ka amayar masa. Ka leƙa maƙwabci mara lafiya, ka saya wa maraya ƙosai.

Amma idan abin ya wuce mako biyu, barci ya ƙaurace, aiki ya gagara, ko mutum ya fara jin gara ya mutu ya huta, to ya zama ciwo, kuma Annabi (SAW) ya ce mu nemi magani. Haka matar da ta haihu ta koma yawan kuka, ba ta ko son ɗaukar jaririnta. Ba kullum ba ne aljanu ko sammu. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, ana kuma iya farawa da likitan asibiti mafi kusa. Idan ɗan'uwanka ne a wannan hali, kada ka ce masa ya je. Ɗauke shi ku tafi tare, ka zauna da shi har a kira sunansa.