Wai ni ne ɗan duba

To, tunda har an raɗa mini suna, bari in amsa. Duk wanda ke zauren WhatsApp na unguwarmu ya ga abin da aka rubuta shekaranjiya bayan isha'i. Waɗanda ba sa ciki ma an tura musu, don har daga Samaru aka bugo mini waya ana tambayata wai da gaske na fara duba. Madalla. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da lissafi a garin nan babu wanda ya taɓa kirana ya ce sannu da aiki, dare ɗaya na fito da madubin hangen nesa ƙofar gida, shi ke nan na zama boka. Saura a kawo mini baƙin zakara da ƙwarya sabuwa.

Sunan bai dame ni ba, wallahi dariya ma ya ba ni. Korar yaran nan ce ta tsaya mini a maƙogwaro.

Sun fi ashirin, sun yi layi tun daga bakin dakali har gindin dalbejiya, ba faɗa ba turereniya, abin da ko a layin abincin makaranta ban taɓa gani ba. Daren bakwai ga wata ne, lokacin da ya fi daɗin kallo ke nan, domin hasken rana yana bugun watan ta gefe, inuwar duwatsunsa ta fito ɗaya bayan ɗaya a kan iyakar haske da duhu. Wata yarinya 'yar aji biyar ta sa ido, ta yi tsit kamar an ɗauke mata numfashi, sannan ta ɗago ta ce, "Kawu, ashe wata ramuka gare shi kamar titin layinmu?" Ina cikin gaya mata cewa duwatsu ne daga sararin sama suka faɗo masa tun zamanin da, kuma da yake babu iska babu ruwan sama a can tabon bai goge ba, sai ga wani dattijo ya taso da sandarsa. "Kai! Ku watse ku ba mutane wuri!" Kafin in rufe baki layi ya tarwatse, har wani ƙarami ya bar takalminsa wari ɗaya. Na rusuna na ce, "Baba Alhaji, don Allah ka sa ido sau ɗaya tak, in ka ga abin ƙi ni da kaina zan naɗe shi." Ya ce Allah Ya tsare shi da leƙen gaibu. Yana faɗin haka yana gyara tabaran da ke kan hancinsa.

Gilashi ne fa. Wanda ke hancinsa gilashi, wanda ke cikin bututuna gilashi. Nasa yana kusanto masa da baƙin Alƙur'ani, nawa yana kusanto da wata. Abin da yarinya 'yar shekara goma ta gani da idonta biyu, kuma duk wanda ya zo bayanta ya ga irinsa, ta ina ya zama gaibu?

Ba zan yi wa dattijo rashin kunya ba, sa'an mahaifina ne, kuma abin da ya taso ya tarar ya faɗa. Da wanda ya ɗauki waya ya rubuta nake, mai digiri har biyu, wanda ya san bambancin sarai amma ya ga dama ta samu. Malam, kallon taurari daban, duba daban. Ɗan duba zai ce maka tauraronka ya nuna za ka auri bazawara mai kuɗi, ya karɓi abin sadaka, in ba ta zo ba ya ce kai ne ka karya sharaɗi. Masu ilimin falaki kuwa sun faɗa tun shekaru kafin lokacin cewa ranar 7 ga Satumba 2025 wata zai yi husufi cikakke, zai shafe kusan minti 82 a cikin inuwa. Ka riƙe agogonka ka zauna. Da magaribar ranar ya fito jajir, duk inda hadari bai rufe ba an gan shi. Na farko ba ka da hanyar kama shi da ƙarya, na biyu ko ɗan firamare mai agogon roba zai iya ƙure shi. Yaya za a yi mai hankali ya zuba su a ƙwarya ɗaya?

Kuma babu wani sirri a cikin lissafin. Duniya ce ke shiga tsakanin rana da wata, inuwarta ta faɗa masa. Shi ya sa ba za ka taɓa ganin zazzaɓin wata ba sai a tsakiyar wata, daren sha huɗu ko sha biyar, husufin rana kuma sai a ƙarshen wata. Jan da yake yi kuwa, ɗan hasken rana ne da ya ratso ta iskar da ke lulluɓe da duniya ya lanƙwasa ya isa gare shi, irin jan nan na faɗuwar rana. Muna yara mun buga gwangwani muna roƙon rana ta saki wata, ba wanda ya ɗaga mana sanda. Yau da aka ce ga yadda abin yake, sai ya zama saɓo.

Masu jawo addini su yi a hankali, mu ma mun zauna gaban malamai a cikin birnin nan. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu an yi husufin rana, mutane suka ce saboda rasuwarsa ce. Annabi da kansa ya gyara musu, ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Wato abin da aka hana shi ne ɗaura makomar mutum a wuyan tauraro. Wannan shi ne aikin ɗan duba. Ni ban taɓa ce wa kowa duniyar Mushtari (Jupiter) za ta ba shi aiki ba. Ban da wata, abin da na nuna wa yaran kafin a kore su shi ne Mushtarin da ƙananan watanninsa huɗu jere a gefensa kamar an zuba tsaba a layi, gobe in ka sake dubawa ka tarar sun canza wuri domin zagaya shi suke yi. Galileo ya gan su a 1610 da madubin da bai kai wannan nawa na gwanjo ba. Shekara ɗari huɗu da ɗoriya, mu kuma har yanzu muna kan a leƙa ko kada a leƙa.

Jadawalin lokutan salla da ke manne a bangon masallacinmu, wa ya gaya muku daga ina ya fito? Lissafin tafiyar rana ne. Alƙiblar da aka daidaita masallacin a kanta fa? Sau biyu a shekara, wajen 28 ga Mayu da 16 ga Yuli, rana tana tsayawa daidai bisa Ka'aba. A na Mayu, misalin goma da minti 18 na safe agogonmu, ka kafa sanda a tsakar gida, inda ranar take nan ce alƙibla, inuwar kuma ta ba ta baya. Kai ma in ka yi haka ka zama ɗan duba ke nan? Mai neman jinjirin watan azumi a kan tudu fa, shi ma boka ne?

Abin ma da ya fi ban haushi, ana yi kamar wani baƙon abu na kwaso daga Turai. Kakata ba ta taɓa shiga aji ba, amma a tabarmarta na fara sanin Zara matar wata, da Gamzaki mai fitowa da asuba, da Kaza da 'ya'yanta. Sai da na girma na gane Zara da Gamzaki abu ɗaya ne, duniyar Zuhura ce, wani lokaci ta biyo bayan rana da yamma, wani lokaci ta riga ta fitowa. Na so a ce tana raye in gaya mata, na san da ta ce ƙarya nake. Manoman ƙauyukan da ke kewaye da mu har gobe suna tambayar malamai wane tauraro ake ciki kafin su yi shuka: taurari 28, kowanne kwana 13, ɗaya ya ɗauki 14, shekara ta cika 365. Suraiya, Dabaran, Haƙa'a, duk tsofaffi sun haddace. Wannan Dabaran ɗin shi ne Turawa ke kira Aldebaran har yau, daga bakin Larabawa suka karɓa ba su ko canza masa suna ba. Albattani, wanda ya auna tsawon shekara tun fiye da shekara dubu, akwai rami a kan wata da aka sa wa sunansa. Kayanmu ne muka yar, wasu suka tsinta suka wanke, yanzu mun ga abin a hannun ɗanmu muna salati.

Sai masu cewa ana fama da yunwa wa yake ta taurari. Na ji. Ni ma kasuwar Tudun Wada nake zuwa, ba daga wata ake aiko mini da masara ba. Amma mai wannan maganar duk Asabar yana gidan kallon ƙwallo, kuma farantin da ke kan rufin yana kallon wani tauraron ɗan'adam ne mai nisan kilomita kusan 36,000. Bai taɓa cewa a kashe ba sai an ƙoshi. Yunwar ba ta tashi sai yaro zai koyi abu. Ƙasar nan tana da hukumar sararin samaniya tun 1999, ta harba tauraronta na farko a 2003. Wa kuke so ya yi aiki a can, 'ya'yan wasu? Indiya, duk da ɗimbin talakawanta, ta sauke na'ura a kusa da kudancin wata a Agustan 2023. Su ma da sun jira kowa ya ƙoshi, da har yanzu suna jira.

Masu cewa ba a taɓa zuwa wata ba kuwa, ba ni da lokacinku yau. Mutum 12 suka taka shi tsakanin 1969 da 1972, kuma Tarayyar Sobiyet da ke neman Amurka da sharri ido rufe ba ta ƙaryata ba, sai kai da ke kwance kan katifa da datar naira ɗari biyu. Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ya je sararin samaniya a 1985, sai ku aika masa shi ma ya tuba.

Bari in faɗi gaskiyar abin da ya hana ni barci. Ranar 29 ga Maris 2006 ina sakandare aka yi husufin rana da hantsi. Gari ya yi wani irin dishi-dishi, iska ta yi sanyi, kaji suka rikice. Malaminmu na kimiyya, Allah Ya jiƙansa, ya hana mu kallon ranar kai tsaye, ya huda kwali da allura ya sa farar takarda a ƙasa, sai ga rana a kan takarda ta koma kamar lauje. Minti nawa ne duka? Amma wannan hujin allurar shi ya sa na karanta lissafi. Da a ce ranar wani ya zo da sanda ya kore mu, ban san me zan zama ba. Shi ya sa da na ga bayan yaran nan suna gudu sai na ji kamar ni aka kora. Yarinyar nan ta dawo jiya da la'asar, ta tsaya daga soro tana waige-waige, ta ce, "Kawu, an ce haramun ne, to wanda na riga na gani fa, yaya zan yi da shi?" Ban iya ba ta amsa nan take ba. Sai da na shiga ciki na wanke fuska.

Madubi dai zai sake fitowa ran Juma'a bayan isha'i, in Allah Ya kai mu kuma hazo bai rufe ba. Duk uban da ba ya so ya riƙe ɗansa a gida, hakkinsa ne. Wanda yake so ya zo da kansa ma, akwai benci.

Af, masu kawo wuta, in kun ga dama ku ɗauke ta ranar kamar yadda kuka saba, wannan karon kaɗai ba zan yi ƙorafi ba, don duhu muke nema. Fitilar solar maƙwabcina ce matsalar, tana haska mini ido kamar ana binciken ɓarawo. Na so mu kwashi yaran mu je gindin dutsen Kufena inda sama take baƙi ƙirin, amma wa zai ba ka ɗansa da dare a wannan zamani. Sannan wanda ya ari ƙaramin madubina mai ido biyu tun azumin bara wai zai nemi jinjirin wata, an ga watan, an yi salla, an yi layya ma. Ka san kanka. Jakarsa ma ta fata ce, da ita nake so a dawo mini da shi.