Wankin ƙafa a coci: a Amurka kunyar jiki, a gida kunyar girma

Cocin da na taso a ciki, Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, 'yar cocin da nake zuwa yanzu ce a jihar Pennsylvania ta Amurka. Alexander Mack da abokansa ne suka kafa uwar cocin, wato Church of the Brethren, a ƙauyen Schwarzenau na Jamus a 1708, daga Amurka kuma Stover Kulp da Albert Helser suka kawo ta Garkida, cikin jihar Adamawa ta yau, a 1923. Cikin abin da muka gada har da wankin ƙafa a lokacin bukin ƙauna, wato taron cin abinci tare na 'yan coci, kafin a ci Jibin Ubangiji. Daro ɗaya, tawul ɗaya, nassi ɗaya, amma abin da ke yi wa mutum nauyi a can daban, na nan daban.

Ga maƙwabtanmu Musulmi, bari in faɗa tun da wuri: wannan ba alwala ba ce, ba tsarki ake nema ba. Ƙafar wani kake wankewa, ba taka ba. Asalinsa yana cikin Bisharar Yohanna sura 13. A daren da za a bashe shi, Yesu ya tashi daga cin abinci, ya yi ɗamara da mayafi, ya zuba ruwa a daro, ya bi almajiransa ɗaya bayan ɗaya. A ƙasar da ake yawo da buɗaɗɗen takalmi a kan ƙura, wannan aikin barori ne. Shi ya sa Bitrus, ɗaya daga cikin almajiran, ya ce faufau, ba za a wanke masa ba. Da Yesu ya gama sai ya ce, tun da shi Malam kuma Ubangiji ya yi musu, su ma su yi wa juna.

A nan Amurka durƙusawa ba ta da wuya. Farfesa zai durƙusa a gaban ɗalibi ko a jikinsa, ai dama da sunansa kawai ɗalibin ke kiransa. Wuyar tana wajen cire safa. Mutum ya yi wata biyar ƙafarsa na cikin takalmin sanyi, ba ya so a gani, ba ya so a taɓa. Wasu sai sun wanke ƙafa tsaf a gida, sun yanke farce, sannan su zo a wanke musu. Wasu ikkilisiyoyin kuma sun ajiye tebur a gefe, wanda ba ya so ya je a wanke masa hannu. Ga tsoho mai ciwon gwiwa ko mai keken guragu, wannan adalci ne. Ga lafiyayye, ni dai ban yarda ba. Hannu kowa na miƙa shi a kasuwa, ba a ƙasƙantar da kai da shi.

A gida kuwa ba mai jin kunyar ƙafarsa. An taho da ƙafa daga ƙauye, ga ƙura, ga faso, ga kaushin hunturu, kafin a kai mutum na biyar ruwan daro ya zama ja. Wankin gaske ake yi. Abin da ke da nauyi shi ne girma. Yaron da aka horar da shi ya tsuguna in zai gaida babba, ya cire takalmi tun daga zaure, yau a ce dattijo mai furfura ya durƙusa a gabansa? Sai ka ji yana cewa, “Haba Baba, ni ne ya kamata in yi maka.” Maganar Bitrus ce sak, kuma a nan ne darasin yake.

To amma mu ma mun samo hanyar kauce masa. Zama a coci bisa matsayi yake: fasto da dattawa a gaba, manyan ma'aikata a bayansu, matasa can ƙarshe. Tun da kowa na kusa da shi yake wanke wa, sai dattijo ya wanke wa dattijo, a tashi ba wanda girmansa ya taɓu. A ganina wannan ya fi teburin wanke hannu muni, domin shi ba a ma lura an rage komai.

Ba mu muka fara ba. Sarakunan Ingila sun daɗe suna wanke ƙafafun talakawa ranar Alhamis ɗin da ke gabanin Ista. Wajen ƙarshen ƙarni na 17 suka daina yi da hannunsu, yau sai rabon tsabar azurfa ya rage. Paparoma Francis shi ne ya juya akalar. A 2013 ya tafi gidan yarin yara na Casal del Marmo a Roma, ya wanke ƙafafun fursunoni 12, cikinsu har da 'yan mata biyu da Musulmi. An yi ta gunaguni, duk da haka a 2016 aka gyara dokar Katolika, mata ma suka shiga cikin waɗanda ake wanke wa.

Abin da nake roƙon iyayenmu dattawan ikkilisiya bai kai wannan ba. Ranar bukin ƙauna a rushe layin zama. Baba Fasto ya koma bencin baya wurin samarin da aka yi wa baftisma bana, shugabar zumuntar mata ta nemi gwauruwar da ke sharar coci, mai kwangila ya zauna kusa da direbansa. Za a yi ta noƙe-noƙe, lokacin ma zai ɗan ƙara tsawo, sai a tanadi ƙarin jarkar ruwa da tawul.