Injin wankin ƙoda ba ya tsare kansa

Duk sanda aka ce wani gwamna ko attajiri ya sayo injinan wankin ƙoda, sai hotuna su cika Facebook, ana ta Allah ya saka da alheri. Ni ma amin nake cewa. Amma da yake a wannan sashe nake aikin jinya, abin da ke fara zuwa raina shi ne, wa zai tsaya a kansu?

Jama'a na zaton aikinmu shi ne mu jona mutum da inji mu nemi kujera mu zauna. Majinyaci na shigowa sikeli za mu fara ɗora shi, mu gwada da nauyinsa na asali in babu ruwan da ya taru a jiki, daga nan a san yawan ruwan da za a cire. In aka zaƙe, jininsa ya sauka, ƙafafu su ɗaure, ya kama amai ko ya suma. In aka yi ƙauro, ya koma gida da ruwa a huhu, ya kwana a zaune yana haki. Sa'a huɗu jinin mutum na fita ta roba, ya bi ta matatar injin ya dawo, mu kuwa muna ta awo muna kallon fuskarsa. Inji na da ƙararrawa, amma sau tari nas ta riga shi gani: da mutum ya fara hamma yana gumi, ka san jini ya fara sauka.

Ga kuma fistula, wato jijiyoyin jinin da likita ke haɗawa a hannu don a riƙa jona inji ta nan, a jira makonni kafin ta nuna. Allura biyu masu kauri ake soka mata kowane zuwa. Hannun da bai ƙware ba zai iya ɓata ta, bayan dangi sun yi karo-karo kafin a yi aikin. Waɗanda ba su samu halin yin ta ba, roba ake saka musu a wuya ko a matsematsi, kuma sakaci kaɗan wajen tsafta ya isa ya shigar da ƙwayar cuta cikin jini. Mai ciwon hanta nau'in B injinsa daban. Duk wannan a wuyan nas yake.

Ka'ida sau uku a mako ake wanki. A nan kuwa da yawa sai ranar da kuɗi suka samu. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wanki ɗaya daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, kuma wallahi an ji sauƙi, sai dai ƙarin jini da magunguna da kuɗin mota daga ƙauye suna nan. Mu ne dattijo zai kalla ya ce, "Sista, gonar ma an sayar." Mu ne za mu ce, "Baba, a rage gishiri da magi, a bar ayaba da lemu, ruwa kuma sai da awo." Ka faɗa wa mutumin Gashuwa haka a zafin watan Afrilu, ka ga ko harshenka ba zai yi nauyi ba.

Irin wannan ƙwarewa ba a samun ta a taron bita na kwana uku, sai an yi watanni ƙarƙashin wanda ya iya. Da mutum ya ƙware kuma, Ingila da Saudiyya na jiransa, kuma ba na ganin laifin wanda ya tafi. Waɗanda suka rage sai a tara musu injina fiye da abin da ido zai iya tsarewa, in an samu matsala a ce nas ba ta da tausayi. Mutumin da ka yi shekaru kana gani kowane mako, ka san 'ya'yansa, wata safiya a ce ya rasu, dole ka share hawaye ka shirya gadon don na gaba.

Roƙona ga gwamnatocin jihohi, musamman Yobe da Jigawa inda ciwon ƙoda ya addabi yankunan Gashuwa da Haɗeja: a ɗebi matasan ma'aikatan jinya 'yan yankin, a biya musu karatun ƙwarewa, a ba su alawus na haɗarin aiki da rigakafin ciwon hanta, a kuma sa kuɗin tace ruwan da injinan ke aiki da shi da na lantarki cikin kasafin kowace shekara.